Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

Da yawanmu mun taɓa yin wannan wasan. Ana zaune a majalisa bayan isha'i, hira ta yi sanyi, sai wani mai sauran data ya buɗe Google Earth a wayarsa ya ce bari ya nemo rufin gidansu. A fara daga titin Zariya, a gane Asibitin Malam Aminu Kano saboda girmansa, a gangaro Court Road, a yi ta buɗa hoton da yatsu biyu har a iso kan wani kwano mai tsatsa da tankin ruwa a gefensa. "Ga shi nan, wallahi gidanmu ne, ga ma darbejiyar ƙofar gida." Kowa ya karɓi wayar ya nemo nasa. Yawanci a nan wasan yake ƙarewa.

Amma in mutum ya matse yatsun nasa, hoton ya ja da baya, gidan ya nutse cikin dubban rufi, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwa Uku suka haɗe suka zama abu guda, sai wani abu ya bayyana a arewa maso yamma da mu wanda ba a ganinsa daga cikin a-daidaita-sahu. Titin BUK ya taso daga wajen Ƙofar Nasarawa ya lanƙwasa, ya wuce Sabuwar Ƙofa da Ɗan'agundi da Na'isa da Gadon Ƙaya ya nufi Kabuga. Ta ciki lunguna ne a cunkushe kamar jijiyoyin ganye, ta waje kuwa layuka sun fi miƙewa. A wasu wuraren ana ganin jan tudun ƙasa, a wasu kuma shaguna ne da gidajen mai da filin da aka share. Duk da haka zagayen bai ɓace ba. Ganuwar Kano ke nan, tana nan a siffa har a inda ƙasarta ta daɗe da tafiya.

Tambayar da ta dame mu tun daga wannan daren ita ce: wanda ya ga irin wannan abu daga sama, me ya hau kansa? Gani ya kori ji, haka ne. To gani yana korar uzuri?

Kafin mu zo kanta, ya kamata mu san cewa neman matattun birane daga sama tsohuwar sana'a ce, kuma a kan kufan Rumawa ta yi ƙarfi. Dabarar ba ta da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa riƙe fartanya. Inda bangon dutse yake binne a ƙarƙashin gona, ƙasar da ke kansa ba ta da zurfi, don haka in ruwa ya ɗauke shukar wurin ce take fara yaushi ta yi rawaya. Inda kuwa aka taɓa haƙa rami ko gwalalo ya cike daga baya, laima tana daɗewa, shuka ta yi tsayi ta yi shar. Mai tafiya a cikin gonar ba abin da zai gani sai gero wani ya fi wani kyau. Wanda ke sama shi zai ga cewa rawayar nan ta ja layi, ta yi kwana, ta dawo ta rufe, ta zama ɗaki. Haka aka yi da Altinum, wani birnin Rumawa a kusa da Venice ta ƙasar Italiya. A watan Yulin 2007 an yi fari a yankin, aka ɗauki hotunan gonakin masara da waken suya daga jirgi, sai ga tituna da ganuwa da ƙofofi da gidan wasa da magudanar ruwa da ta ratsa tsakiyar gari, duk a zane cikin launin ganye. Masana daga Jami'ar Padua suka fitar da taswirar a 2009 ba tare da sun sa diga a ƙasa ba.

Manominmu ba baƙo ba ne a wannan ilimin. Ya san dawa ta fi yin kyau a kan kufai, ya san inda kukoki suka taru a tsakiyar daji an taɓa zama a wurin, ya san in garma ta yi ta tono tsingaro to a kan gidan wasu yake noma. Abin da ya rasa kawai shi ne tsayin da zai haɗa waɗannan alamun su zama gari guda.

Wanda ya fara samun wannan tsayin da gaske a ƙasashen Larabawa wani limamin Kirista ne Bafaranshe, Antoine Poidebard. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da Faransa ke riƙe da Siriya, ya riƙa hawa jiragen sojan Faransa yana shawagi a kan hamada da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ke kwance har ɗan tudun da bai kai gwiwa ba yake jan doguwar inuwa. A 1934 ya wallafa abin da ya gano: sansanonin Rumawa 116, a jere daga arewa zuwa kudu. Ya ce iyaka ce, katangar tsaro da Rumawa suka yi don tare Farisawa da mahayan hamada. Aka karɓi wannan magana kusan shekara casa'in.

Sai a 2023 Jesse Casana da abokan aikinsa na Kwalejin Dartmouth a Amurka suka koma kan wasu tsofaffin hotuna da taurarin leƙen asirin Amurka suka ɗauka a shekarun 1960 da 1970, waɗanda aka daɗe ana ɓoyewa kafin a sake su ga jama'a. Suka ƙirga wasu sansanoni 396 da ba a san da su ba. Kuma ba a jere suke kamar shinge ba, a warwatse suke daga yammacin Siriya har wajen Mosul a Iraƙi, gabas da yamma, yadda ya fi kama da zangon ayari da masu gadin hanya. Poidebard bai yi ƙarya ba, duk abin da ya ce ya gani yana nan ko ya taɓa kasancewa. Sai dai ya tashi da jirginsa ne ta inda yake zaton iyakar take, ya kuwa same ta a can. Mutum ne da ya rayu a zamanin da Turawa ke zana iyakoki a kan ƙasashen mutane da rula, ya hau sama da wannan idon, ya sauko da shi.

Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kano ma an daɗe ana kallonta daga sama. Dala ce jirginmu na farko. Da Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya zo a 1851, daga kan Dala ya zana birnin, ya kuma lura cewa babban sashe na cikin ganuwa fili ne da gonaki, mazauna kuwa ya kimanta su da 30,000. Jiragen sama na farko sun sauka a Kano a watan Nuwambar 1925, guda uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar. Bayan shekara biyar wani matuƙi ɗan Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya biyo ta nan a tafiyarsa ta Tafkin Chadi ya ɗauki hotunan birnin daga sama. Suna nan a intanet, kowa zai iya nema: soraye na ƙasa, kududdufai suna ƙyalli a tsakanin unguwanni, fili fetal a inda yau ba wurin ajiye babur.

Ganuwar da ke kewaye da wannan duka, a ruwayar Tarihin Kano, Sarki Gijimasu ne ya fara ta (1095 zuwa 1134), ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya ƙara a farkon ƙarni na 17. A ranar 3 ga Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka fasa ta wajen Kabuga suka shiga. Amma ba igwarsu ce ta cinye ta ba, abin da suka fasa bai taka kara ya karya ba. Ginin ƙasa ba kamar na dutse ba ne da za a gina a juya baya. Duk damina tana cin rabonta, duk rani sai an fito an yi yaɓe an cike inda ya zaizaye. Ganuwa aiki ce da ake maimaitawa kowace shekara, da gayya da kuma tilas, kuma kada mu yi wa kanmu daɗin baki, akwai guminta da yawa da na bayi ne da talakawan da ba a nemi shawararsu ba. Ranar da tsoron hari ya ƙare, dalilin wannan wahalar ya ƙare. Daga nan ta fara mutuwa, a hankali, ba tare da kowa ya yanke mata hukunci ba.

To wa ya rushe ta? In aka bi gida-gida ana tambaya ba za a samu mai laifi ba. Wannan ya ɗebi kwano goma na ƙasa ya gyara katangar da ruwa ya kayar. Wancan ya jingina ɗaki a jikin badala don 'ya'ya sun yi yawa. Makaniki ya share gindinta ya ajiye motoci. Mai bulo ya ga fili. Aka zo faɗaɗa titi, kuma titin yana bukatar faɗaɗawa, sai tsohuwar Ƙofar Na'isa ta tafi a 2010 aka maye gurbinta da ta siminti. Wani jami'i ya sa hannu a takarda, wani dillali ya kawo mai saye. Kowane ɗaya yana da hujjar da in ya faɗa mana a zaure za mu gyaɗa kai. Kuma kowane ɗaya in ya waiwaya zai ga ganuwa tana nan, abin da ya taɓa bai kai a yi magana ba.

Mu mutane ne da aka rena a kan cewa aiki yana tafiya da niyya. Wannan ma'auni ne mai adalci ga mutum ɗaya da aikinsa ɗaya. Amma ga wata asara da ta auku wadda ba wanda ya yi niyyarta, kuma ba wanda ya isa ya gan ta daga inda yake tsaye. Sai an ja maɓallin shekaru a Google Earth, a kalli wuri guda a farkon shekarun 2000, a sake kallonsa bana, sannan kwano goma na wannan da ɗakin wancan suke haɗuwa su zama kilomita. Hoton sama shi ne wurin da ƙananan ayyukanmu ke taruwa a yi musu jimilla. Kakanninmu ba su da wannan madubin, don haka in sun ce ba su sani ba, gaskiyarsu ne. Mu yana cikin aljihunmu.

Sai dai kafin mu fara kukan tarihi, bari mu ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsa, domin yana da ƙarfi. Birni mai rai kullum cin tsohon jikinsa yake yi. Timgad, a Aljeriya ta yau, Sarki Trajan ne ya kafa ta wajen shekara ta 100 miladiyya don tsofaffin sojoji, kuma hotonta daga sama shi ne wanda ake sawa a littattafai don a nuna tsarin Rumawa: murabba'i, tituna a miƙe suna gicciye juna kamar gidan dara. Amma duk wanda ya kalli gefen hoton zai ga garin ya tumbatsa ya fita daga murabba'in, unguwannin waje sun karkace yadda suka ga dama, an rushe sassan ganuwar, masu hali sun gina manyan gidaje a kan gurbinta. Wato har Rumawan da ake yi mana misali da su sun yi cinikin filin badala. Mutanen Altinum da suka koma tsibiran cikin ruwa sun kwashe duwatsun tsohon garinsu suka gina sabo da su. Babban masallacin Ƙairawan a Tunisiya yana tsaye ne a kan ginshiƙan da aka ɗebo daga kufan Rumawa, kuma ba mu ji wanda ya kira hakan ɓarna ba. Ibn Khaldun ya yi bayanin wannan tun ƙarni na 14, yadda gari in ya tsufa mutanensa kan koma ciro kayan gini daga wani gini zuwa wani. Rumfa da kansa, da ya faɗaɗa ganuwa, ai barin wani sashe na ta magabatansa ya yi a baya gari ya haɗiye.

Ƙasar ganuwar ma ba sama ta tashi ba. Tana cikin katangun Kano, mutane na kwana a bayanta. In aka ce aikinta tun asali shi ne ta kare Kanawa, mai gardama zai iya cewa har yanzu aikin take yi, ɗaki-ɗaki. Kuma magidancin da mai gida ya ba shi notis, yana yawo da iyali yana neman ɗaki biyu, ba za mu tsayar da shi mu yi masa karatun Gijimasu ba. Gijimasu ba ya bukatar komai a wurinmu. Jar ƙasa ba ta jin zafi.

To in ba matattu ne ke bin mu bashi ba, kuma ba ƙasar ba ce, wa ke bin mu?

A ganinmu, waɗanda ba a haifa ba ne, kuma abin da suke bin mu ƙarami ne amma ba shi da madadi: damar su yi tambaya su samu abin da zai amsa musu. Altinum ta yi shekara fiye da dubu a ƙarƙashin ƙasa ta jira ranar da za a ƙirƙiro kyamarar da za ta gan ta, domin masara ba ta tona tushen gini. A Fezzan ta ƙasar Libiya, kan hanyar da fataken Kano suka riƙa bi zuwa Murzuk da Tarabulus, masana daga Jami'ar Leicester ƙarƙashin David Mattingly sun sanar a 2011 cewa hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna musu garuruwa da gidajen gona masu katanga fiye da 100 na mutanen Garamantes, waɗanda suka yi zamani da Rumawa. Da tubalin ƙasa aka gina su, irin namu. Sun tsira ne don ba wanda ya bi ta kansu da katafila. Duk rusau ɗin da mutanen da suka yi, da hannu da kwando suka yi shi, yana barin gurbi. Mu ne farkon waɗanda ke da injin da zai sare tudu har ƙasa da tushensa, a haƙa rami a zuba kankare, wurin ya zama kamar ba a taɓa yin komai a kansa ba. Ko Casana da ya koma neman sansanonin Poidebard, da yawansu ya tarar gonakin zamani da madatsun ruwa da sababbin garuruwa sun shafe su, sai a tsohon hoto kawai suka rage.

Saboda haka ba mu ce dole a bar kowane taku na badala yadda yake ba, wannan ya wuce, kuma ko a da bai yiwu ba. Abin da muke cewa shi ne akwai tazara mai nisa tsakanin gari ya ci tsohon jikinsa don ya rayu, da a shafe shaida don a samu shago goma sha biyu. Sassan da suka rage a tsaye ba su da yawa, an san su, an sa su a jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007, tare da Surame, birnin Kanta. Barin su ba zai hana kowa wurin kwana ba. Inda kuma ya zama dole a taɓa, aunawa da ɗaukar hoto da tona rami ɗaya a ga abin da ke ƙasa kafin a zuba kankare aikin 'yan makonni ne. Wanda ya ƙi yin wannan bayan ya ga hoton, ba zai ce bai sani ba.

Yanzu mu koma kan Poidebard, domin a nan ne mu masu waya muke da haɗari. Hoton sama yana ba mutum wani irin jin kai, kamar ya gama fahimtar gari. Daga can komai murabba'i ne. Ɗakin bazawarar da ta jingina da badala shekara talatin da rukunin shagunan wanda ya samu takarda ta hanyar sani, duk farin kwano ne guda. Ba a jin kukan yaro, ba a ganin tukunya a kan murhu. Mai kallo daga sama hannunsa yana saurin zuwa kan jan fenti. Mun ga haka a Kano a watan Yunin 2023, lokacin da aka yi rusau a tsohon otal ɗin Daula da Filin Idi da wasu wurare. Ba mu zo raba gardamar wa ke da gaskiya tsakanin waɗanda suka raba filayen da waɗanda suka rushe ba, kotuna da 'yan siyasa sun yi ta yi. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne dukkan ɓangarorin biyu a kan taswira suka yi aikinsu, ɗaya ya ga fili ya yanka, ɗaya ya ga gini ya goge. Ɗan kasuwar da ya ci bashi ya kama hayar shago, kayansa na ciki, shi ba ya fitowa a taswirar kowa.

Hausawa sun riga mu faɗa, hangen Dala ba shiga birni ba. Da matafiyi ake yi wa wannan maganar, wanda ya hango dutsen daga nesa ya ɗauka ya iso. Yau ta juyo kanmu ta wata fuskar: mun hau sama da Dala nesa ba kusa ba, muna hangen birnin duka a tafin hannu, kuma ba mu shiga ba. Masu wannan sana'ar da kansu ba sa yarda da hoto shi kaɗai. In sun ga layi a gona sai sun je da ƙafa sun duba, domin abin da aka zata titin Rumawa yakan zama bututun ruwa da aka binne shekaranjiya. Hoto yana nuna inda za a je a yi tambaya. Hukuncin wa za a tasa, wa za a biya, wa za a ba wani wurin kafin a taɓa nasa, wannan sai an sauko an yi sallama a ƙofar gida.

Akwai kuma wani abu da ya fi kusa da mu, wanda muka daɗe muna kewaye shi. Mu mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni 'yan waje ne. A zamanin da ganuwa take ganuwa, in magariba ta yi aka rufe ƙofa, duk wanda ke wannan gefen a waje yake kwana, sai in labarin hari ya zo a kwashi yara da dabbobi a ruga ciki, wanda shi ne amfanin filayen da Barth ya gani. Muna da sauƙin nuna yatsa ga mutanen cikin gari mu ce sun cinye gadonsu. Amma mu a kan me muke zaune? A duba sunayen mazaɓun ƙaramar hukumar Tarauni: Ƙauyen Alu, Unguwar Gano, Darmanawa, Daurawa, Hotoro, Babban Giji. Ƙauye ne ya rage a cikin suna bayan ya ɓace a ƙasa. Giji tsohuwar kalma ce ta gida, ita ce a cikin Ubangiji, kuma in ban da a wannan sunan da wancan ba mu cika jin ta a bakin kowa ba. A maƙwabta ga Gandun Albasa, inda yau ba a shuka ko lawashi. Ƙidayar 2006 ta ba Tarauni mutum sama da 220,000, kuma kowa ya san an ƙaru sosai tun daga lokacin. Duk a kan gonaki da burtali da rijiyoyi da maƙabartun wasu muke, kuma waɗannan ba su cikin jerin UNESCO, ba sarkin da aka rubuta ya kafa su, ba baƙon da ya zana su.

Su ma suna fitowa a hoton, in an san yadda ake kallo. A tsakiyar layuka masu miƙewa na fulotai sai a ga wani gungu inda lunguna suka murɗe, gidaje suka dunƙule ba tsari: tsohon garin ke nan, wanda birni ya zo ya same shi ya kewaye. Sai a ga wani layi ya karkace ba dalili, ya yanke sauran a kaikaice, alhali mai awo ba ya zana karkatacce da gangan. Hanyar ƙafa ce ko ta shanu da ta riga fulotan zuwa, ta ƙi mutuwa. Sai a ga inda a tsohon hoto baƙin tabo ne na kududdufi, a sabon hoto rufi ne reras. Wannan na ƙarshe ba ya bukatar masani daga Padua. Duk watan Agusta ruwa da kansa yake zuwa ya nuna inda kududdufin yake, ya shiga har ƙarƙashin gado, domin ramin da aka haƙa don ginin kakanni shi ne kuma yake shanye ruwan unguwa, mu muka cike shi da bola muka sayar. A nan asarar tarihi da asarar katifa abu ɗaya ne.

Wani dare muka miƙa wa wani dattijo wayar, mutumin da aka haifa a wannan yankin tun ana noma shi. Ya karɓa ya nisanta ta da fuskarsa, ya juya ta sama da ƙasa, ya daɗe yana kallo.

"Baba, ga titin Zariya nan, ga asibiti. Nan kuma gidanka ne."

"To, na ji," ya ce. "Amma ni ban taɓa ganin gidana ta ka ba, yaro. Ina kukar?"

Babu kuka a hoton. Muka ja shekaru baya iyakar inda maɓallin ya tsaya, babu ita. An sare ta tun kafin tauraron da ke ɗaukar mana hoto ya fara wucewa ta kanmu. Ya mayar mana da wayar ya ce in muna so mu zo da safe.

Da safe muka bi shi. Bai kalli sama ko sau ɗaya ba. Ya bi ta wani lungu da muke wucewa kullum, ya ce nan burtali ne, shanu ke bi zuwa mashaya, shi ya sa ya karkace. Ya nuna wani gida mai hawa biyu ya ce daga nan zuwa masallacin can gonar gyaɗar mahaifinsa ce, ya faɗi sunan wanda ya saya da kuɗin da aka biya, ya yi dariya. A wata kwana ya rage murya ya ce mu yi addu'a, akwai mutane a ƙarƙashin nan, ya ambaci uku daga cikinsu. Sannan ya tsaya a gaban wani shagon cajin waya da POS, ya buga sandarsa a kan simintin ƙofar sau biyu, har yaron shagon ya leƙo ya ce, "Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Rijiya ce a ƙarƙashinka. Gaba goma sha biyu ce, ni na sha shiga yasarta."

Ɗaya daga cikinmu ya buɗe taswirar ya danna alama a daidai wurin, ya rubuta "rijiya", ya tambayi Baba ko tana da suna. Tana da shi.